Ɗaurin Auren Dabino

A garinmu Faci, idan sanyi ya fara sassautawa, dabino ne ke riga mutane sani. Sai ka ga kuben fure ya leƙo daga ƙirjin bishiya, ya kumbura, ya tsage ta gefe, fure ya fito fari sol kamar an wanke shi. Daga ranar da ya tsage, kwana uku zuwa huɗu gare shi. In an kawo masa furen namiji a cikin kwanakin nan, to bana akwai dabino. In ba a kawo ba, 'ya'yan za su fito dai, amma ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, sai dai a zuba wa awaki.

Aikin Mele ke nan tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya hau namijin dabino ya yanko fure, ya shanya a inuwa, ya rarraba shi sili-sili, ya zuba a jakar fata. Sannan ya hau mace, ya soke sili uku a tsakiyar furenta, kai ƙasa, ya tsago ganye ɗaya daga jikinta ya ɗaure. Mu kan ce ya ɗaura mata aure. Kuma ɗaurin nan shi ne duk aikin. Marigayi Aba Kolo, mahaifinsa, sai da ya shekara biyu yana buge masa hannu kafin ya iya. Ba a ƙullewa. Zagaye ɗaya ake yi, a cusa bakin ganyen ta ƙarƙashi, yadda iska ba za ta kwance shi ba, amma in nonon dabino ya yi ƙiba ya turo, ganyen ya saki da kansa ya faɗo. Bayan wata guda sai ka ga busassun ganyaye a lanƙwashe a gindin bishiyoyi, ka san aure ya kama.

A da masu hawa sun fi ashirin a unguwarsu. Libiya ta ɗebi nata, sannan zinariyar Jado ta zo ta kwashe sauran. Ƙannen Mele biyu suna cikinsu. Ranar da za su tafi suka ce masa ya zauna da mahaifiyarsu, Ya Kellu, na bana kawai, baɗi ɗaya ya dawo ya canje shi. Shekara ta uku ke nan. Haka ya wayi gari da bishiya saba'in da huɗu a wuyansa, mafi yawa ba nasa ba, na tsofaffi ne da matan da mazansu suka yi nisa.

Ba wanda ya tsare shi, abin da ya fi cin ransa ke nan. Da akwai wanda ya ce masa kada ya tafi, da ya san da wa zai yi fushi. Sai dai kowace safiya wata ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama, ta ce ta ga kamar nata ya tsage, shi kuma ya ɗauki jaka. In ya kai ƙololuwar bishiya yakan ɗan tsaya ya duba. Gabas dutse. Yamma, kudu, arewa, rairayi, har inda ido ya gaji. Garin kansa daga can bisa bai fi tabarma ba, ramukan gishiri a gefensa kamar an yi ɓarin nono. Shekararsa talatin da uku. Yakan lissafa a ransa cewa in Allah ya ba shi kwanan mahaifinsa, saura masa hawa da sauka na shekara talatin, kowace shekara irin ta bara, sannan a kai shi bayan ganuwa a rufe, dabino ya ci gaba da tsagewa bai san an yi wani Mele ba. In tunanin nan ya zo masa, yakan sauko a hankali kamar tsoho.

Ran wata Talata Kiyari ya shigo gari da motarsa, ta sha kaya har ta durƙusa. Kiyari ɗan kawun Mele ne, taubashinsa, tare aka yi musu kaciya. Ya yi ƙiba, ya sa haƙorin zinariya guda, kuma tun daga nesa yake dariya don a gan shi. Ya tarar da Mele a gindin bishiya yana cire ƙaya daga tafin ƙafa.

"Liman, barka da aiki. Aure nawa aka ɗaura yau?"

"Shida."

"Shida. Kai kaɗai ne limamin da ke aurar da mata saba'in a shekara, shi kuwa jakar fata ce matashin kansa."

Mele ya yi murmushi bai ɗago ba. Ya ce, "Kai da ka yi uku, ina biyun?"

Kiyari ya yi dariya har da buga cinya, ya zauna a kan rairayi, ya fito da butar shayi. Suna kan kofi na biyu ya sauke murya ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya zo kwashe iyalinsa ne zuwa Dirku, daga nan ya wuce Jado, kuma ba ya jin zai sake biyowa ta Faci kafin shekara ta zagayo. Yana da rami a can da ya fara nuna alheri, amma mutanen da ke masa aiki baƙi ne, yana son nasa na jini wanda zai riƙe igiya. Ya ce wanda bai ji tsoron sama ba, ƙasa ba za ta ba shi tsoro ba. Akwai wurin mutum ɗaya a gaba, kusa da shi. Za su tashi ran Alhamis ta sama, da hantsi, tare da wata motar da za su yi wa juna rakiya.

Kwana tara ke nan.

Mele ya gaya wa Ya Kellu da la'asar, tana tankaɗen gero. Ya shirya amsoshi da yawa a bakinsa don kukan da yake zaton za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da kaɗa faifai, ta ce Allah ya tsare hanya, ta tambaye shi ko rigarsa ta sanyi tana bukatar ɗinki. Ya tsaya yana jira ta ce wani abu game da dabino. Ba ta ce ba. Ya fita yana jin kamar ya tura ƙofa da ƙarfi ya tarar dama a buɗe take.

Shi ba mutumin da zai gudu ya bar aiki a tsaye ba ne. Ya yanke a ransa cewa zai gama duka saba'in da huɗun kafin Alhamis. Waɗanda suka tsage, ya ɗaura musu. Waɗanda suka kumbura ba su tsage ba, ya tsaga musu da wuƙa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa. A kowace shekara yakan sake zagayawa bayan kwanaki, ya duba inda iska ta fizge ganye ta zubar da furen namiji, ya sabunta. Bana ba mai zagayawa. Ya kwana biyu da wannan a ransa, sai ya ga wata igiyar leda, shuɗiya, a bayan motar Kiyari, irin wadda ake ɗaure buhuna da ita. Ya roƙa, Kiyari ya ce ya kwashe duka.

Ya warware ta zare-zare, ya yayyanka, ya cika aljihu. Waɗanda ya riga ya ɗaure da ganye ma ya koma ya sake ɗaure su da ita. Zagaye uku, ƙulli biyu, ɗaurin goro, wanda ko guguwa ba za ta taɓa ba. A bishiyar farko yatsunsa suka ƙi, suka yi zagaye ɗaya suka tsaya, kamar jakin da ya iso ƙofar gidansu. Sai da ya tilasta musu. Ya gaya wa kansa cewa rana za ta cinye ledar kafin nono ya yi ƙiba. Ya san rana ba ta cin irin wannan igiyar da wuri, ya sha ganin guntayenta a rairayi shekara da shekaru, launi ya koɗe amma in ka ja ba ta tsinkewa. Sai ya daina tunanin, ya ƙara sauri.

Daga sallar asuba har rana ta yi ja yana bisa. Ƙayoyi suka tsattsage masa hannu. Mata suna wucewa suna sa masa albarka, suna cewa bana Mele ya yi zafin nama, ko an yi masa alkawarin amarya ne. Ran Laraba da azahar ya sauko daga ta saba'in da huɗu, ya zauna a inuwarta, ya jira ya ji daɗi. Bai ji komai ba sai gajiya.

Bayan la'asar yana tsakar gida yana haɗa kaya, aka yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Ya Gaji ce, maƙwabciyarsu ta bayan masallaci, da sandarta da wani ɗan kwando. Idonta ya kusa tafiya, inuwa kawai take gani. Bishiya ɗaya tal gare ta a duniya. A wurinmu in an haifi yaro, ranar suna akan ware masa dabino a kira shi da sunansa, ko da macen bishiya ce. Tata sunanta Abari, sunan ɗanta da ya tafi Libiya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace.

Ta zauna a bakin tabarma, suka gaisa da Ya Kellu a tsanake, lafiyar jiki, lafiyar awaki, sanyin bana. Sannan ta tura kwandon wajen da take jin motsin Mele. Ta ce guzuri ne, dabinon Abari ne na bara, ta ɓoye mafi laushi. Ta ce in ya isa can ya riƙa duba fuskokin mutane, don an ce 'yan Libiya da yawa sun gangaro Jado. Mele ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ba ta tashi ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani abu ta miƙa masa a tafin hannu. Guntun igiyar leda ne, shuɗi, bai fi ɗan yatsa ba.

"Ɗan nan, wannan na tsinta a gindin Abari. Na shafa na ji ba ganye ba ne."

Ya ce mata igiya ce, ya ɗaure da ita ne don ta fi ƙarfi, tunda ba ya nan balle ya zagayo.

Ta gyaɗa kai, ta ce lallai ya yi tunani. Ta murza guntun a yatsunta. Can ta ce ita dai abin da ya sa ta tambaya, kowace shekara in wata ya cika takan je gindin bishiyar da safe ta lalube ƙasa, har ta sami ganyen da ya saki ya faɗo. Takan gane shi da lanƙwasarsa. Tana da su goma sha ɗaya a cikin tukunya, bakwai na hannun Aba Kolo, huɗu na hannun Mele. Ta ɗan yi dariya, ta ce shirmen tsofaffi ne, amma duk shekarar da ya faɗo takan ce a ranta, to, mai sunan ma yana nan wani wuri yana shan iska.

"Shi wannan," ta ce, "yana faɗowa?"

Mele ya buɗe baki. Ya Kellu ta tsayar da abin da take yi, ba ta dube shi ba.

"Yana daɗewa, Ya."

"To. Allah ya ba mu tsawon rai."

Ta dafa sanda ta miƙe. Ya raka ta har ƙofar gidanta.

Ran Alhamis da aka sallame asuba ya gaya wa Ya Kellu cewa zai je ya dawo yanzu, bishiya ɗaya ce kawai zai gyara. Kayansa na nan a ɗaure a bakin ƙofa. Ya ɗauki wuƙa da jakar fata, da sauran fure kaɗan a gindinta.

Abari tana cikin waɗanda ya fara ɗaurewa da leda, kwana bakwai ke nan. Da ya kai bisa ya raba ganyaye ya duba, sai ya tsaya. Nonon ya riga ya fara turowa. Igiyar ta nutse a cikinsa, ta yi masa wuya kamar na tulu, sama ya kumbura, ƙasa ya kumbura, tsakiya a shaƙe. Silin da ke gefe biyu sun yi baƙi a inda ta ci su. Ya sa bakin wuƙa a hankali ya datse. Nonon ya buɗe a hannunsa, sannu-sannu, har ya ji motsinsa a tafinsa. Ya tsago ganye, ya yi zagaye ɗaya, ya cusa baki. Yatsunsa suka gama kafin ya ce musu komai.

Nono biyar gare ta, ya bi su duka. Da ya gama ya juya zai sauko, sai idonsa ya faɗa kan ta kusa da ita, har ganyensu na taɓa juna. Shuɗin igiya na leƙowa daga ƙirjinta. Wannan ta Bintu ce, mai 'ya'ya huɗu, wadda dabinon nan take ba Buzaye in ayari ya zo su ba ta gero. Ta bayanta ta makaho Aba Maina ce. Ta bayan wannan ta marayun gidan Kalla. Ya san wannan duka tun da daɗewa, kamar yadda mutum ya san sunan unguwarsu. Amma bai taɓa tsayawa a bisa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido ba, kowace da tukunyar da ke jiranta a ƙasa, kowace da shuɗin zare a wuya, kuma shi ya sa.

Ya ce a ransa, ta Bintu kawai. Ya sauka ya hau.

Yana kan ta biyar rana ta ɗaga, ya ji ƙahon mota daga bakin kasuwa. Yana kan ta bakwai ya ji shi kuma, dogo. Yana kan ta tara ya ji takun mutum a rairayi da haki.

"Liman. Kai liman. Sakin auren kake yi kuma?"

Mele ya leƙo ta tsakanin ganyaye. Kiyari na tsaye, hannu a ƙugu, rawani ya kwance.

"Na shaƙe su, Kiyari. Igiyar nan ba ta saki."

"Saura nawa?"

"Sittin da biyar."

Kiyari ya dubi rana, ya dubi bishiyoyin da suka yi layi har gindin dutse. Ya ce ɗaya motar ta riga ta tayar, mata da yara suna zaune a kan kaya tun ɗazu, kuma ba mai shiga hamadar Tenere shi kaɗai. Ya ce zai iya riƙe su rabin awa in ya yi musu ƙaryar taya. Mele ya ce aikin kwana huɗu ne, in ya yi sauri. Kiyari ya ce to a bar wa wani mana, ya fara lissafa sunaye, ya ambaci uku, duk ukun suna Jado, ɗaya ma a raminsa yake. Ya ɗaga kai ya dubi Mele.

"Haka za ka ƙare a kan itace kamar hankaka?"

"Wataƙila."

"Ba wanda zai gode maka, ka sani. In sun ci sun ƙoshi, Allah za su gode wa."

"Shi ya kamata."

Kiyari ya tsaya kaɗan yana haƙa rairayi da ƙafa. Sannan ya ciro fakitin shayi da ƙullin sukari daga aljihu ya ajiye a gindin bishiyar, ya ce na liman ne, kuɗin ɗaurin aure, tunda amaren ba su da waliyyi. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu. Mele ya ce Allah ya kai mu. Dukansu sun san yadda baɗin Jado take.

Daga kan ta goma sha ɗaya ya ga motocin biyu sun fita ta arewa, sun bi gefen dutse, suna ƙanƙancewa. Ya bar wuƙa a soke ya bi su da ido. Hawaye suka zubo masa, bai hana kansa ba, ba kowa a bisa sai shi. Rairayin na nan yadda yake jiya, gabas dutse, garin kamar tabarma. Ba abin da ya ƙaru da faɗi. Sai da ya daina ganin komai, har ƙurar tayoyin ta kwanta, sannan ya goge fuska da hannun riga, ya juyo ga nonon da ke gabansa. Wannan igiyar ba ta riga ta ci sosai ba. Ya datse ta, ya sa guntun a aljihu don kada akuya ta haɗiye.

Rana ta yi ja kafin ya shigo gida, aljihunsa cike da shuɗin zare. Ya Kellu na bakin murhu. Ba ta tambaye shi komai ba, ta tura masa ruwa da ƙwaryar tuwo. Kayansa na nan a bakin ƙofa inda ya bar su, kwandon Ya Gaji a kai. Ta ce ba ta kwance ba, ta bar masa, shi ya san lokacin da zai so. Ya duba ƙunshin. Da safe bai lura ba, ashe ta ƙara masa rigar sanyin da ta ɗinke, ta naɗe ta ta ɗaure da ganyen dabino, zagaye ɗaya, baki a cushe.

Ya ɗauki ƙunshin ya rataye a ƙusa yadda yake. Kwandon kuwa ya buɗe, ya ɗauki dabino uku, ya ba mahaifiyarsa biyu. Suna ci ta ce Bintu ta leƙo ɗazu, wai ta ga wani sabon kube ya tsage a tata, can ƙasa ta wajen gabas. Mele ya ce ya gani, furen namijin ne ya ƙare, gobe sai ya fara hawa ya yanko.